Likkafanin Hajiya Tabawa a Cikin Injin Shanya

Da sunan Allah nake farawa. Ga magana nan gare ku, ku ji ta da kunnen alƙalai, domin a ƙarshenta ku za ku yanke hukunci.

A wani gari an yi wata dattijuwa, Hajiya Tabawa. Sau ɗaya Allah ya kira ta Makka. Da za ta dawo, abokan tafiya na ta sayen sarƙoƙi da agoguna, ita kuwa farin alawayyo ta saya, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya a ranar Makka, ta naɗe. Mai isar mutum biyu ta yanko, likkafaninta da na maigidanta. Ta san sarai ba ƙyalle ke kai bawa Aljanna ba, aikinsa ne da rahamar Ubangiji. Sai dai zuciya tana son abin da take so. Allah da ikonsa, maigidan ya rasu a wajen fatauci can Kudu, aka binne shi a can kafin labari ya iso gida. Rabonsa ya zauna tare da nata a ƙasan akwati, shekara goma sha tara.

Mata uku ne ke kewaye da ita. Akwai babbar 'yarta Kubura, wadda ciwon suga ya cinye wa gani, ta dawo gida da zama. Akwai surukarta Suwaiba, matar ɗanta Hashimu, mai sana'ar wanki da guga. Akwai kuma maƙwabciyarsu Lami, tela ce, katanga ɗaya ta raba su, tun tana ƙarama Hajiya ta riƙe ta kamar 'yar cikinta.

Hashimu ya taɓa samo wa matarsa wani tsohon injin busar da tufafi na gwanjo, saboda damina tana hana ta shanya. Matan unguwa suka sa masa suna Ranar Suwaiba. Ana zuba jiƙaƙƙun kaya, a rufe ƙofarsa, a murɗa wani ɗan maɓalli mai ƙidaya lokaci, ya yi ta juyi yana hura zafi, in lokacin ya cika ya tsaya da kansa. Tuni filoginsa ya narke, maimakon a sayi sabo sai aka haɗa wayarsa kai tsaye da ta bango, kamar yadda muke yi, aka ce za a gyara daga baya.

Wata shekara a tsakiyar Agusta aka kwana uku ana ruwa. Rufin ɗakin Hajiya ya yi yoyo daidai kan akwatin. Da ta buɗe ta tarar alawayyon ya jiƙe sharkaf, har ya fara warin gumi. Babu rana, babu alamarta. Suwaiba ta roƙe ta ta bari a sa shi a inji kafin ya yi fumfuna. Hajiya ba ta yarda da abin ba, ta daɗe tana juya maganar, sannan ta miƙa shi da hannu biyu.

"Kar a sa masa sabulu, kar a sa masa komai. Ki dawo mini da shi yadda na ba ki."

Suwaiba ta ce minti arba'in ne kacal. Bayan azahar ta zuba shi, ta murɗa maɓalli, ita da Lami suka wuce gidan suna a bayan layi don taya tuƙin tuwo. Hajiya ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta.

Kubura tana ɗakin da ke jikin na injin, tana jan carbi. Ita ba ta ganin agogo, amma ta daɗe da auna injin nan da istigfarinta: kullum kafin ta cika dubu biyu yakan yi shiru. Ran nan ta cika dubu biyu yana juyi. Ta ce ko ita ce ta yi sauri, ta ƙara ɗari biyar. Yana juyi. Sai hancinta ya kamo wani wari kamar an manta dutsen guga a kan riga. Ta lallaba bango ta isa wurinsa, ta murɗa maɓallin, ya ƙi motsi. Ta ja marfin ƙofar, mariƙin ya ɓalle a hannunta. Ta kira sunan Suwaiba, ƙarar ruwa a kan kwano ta haɗiye muryar. Matar da ta shekara huɗu ba ta taka ƙofar gida ba sai da ɗan jagora, ranar ta fita ita kaɗai cikin ruwa, ba sanda, ba takalmi. Ta faɗa kwata sau ɗaya, ta fasa gwiwa, ta tashi. Ƙarar tabarya da hayaniyar mata ta bi har ta shiga gidan sunan. Da ba ta je ba, babu wanda zai waiwayi injin sai magariba.

Da ta faɗa musu, Suwaiba da Lami da sauran mata suka rugo gida. Babu filogin da za a zare. Akwatin fis na gidan kuma yana cikin sito, Hashimu ya kulle ya tafi kasuwar ƙauye da makulli a aljihu, ƙofar ta ƙarfe ce. Wutar da kullum ake roƙon Allah ta zauna, ranar mata suka taru suna roƙon a ɗauke ta, ta ƙi tafiya. Suwaiba kuwa duk unguwa an san ta da tsoron lantarki, tun da wuta ta taɓa jan ta tana yarinya. Ko ƙwan fitila ba ta canzawa. Amma ita ce ta ce a kawo tsani. Ta kutsa ta 'yar tagar da ke saman ƙofar sito, ƙarfen ya yage mata kafaɗa, ta dira ta tarar ruwa ya kwanta a ƙasa har idon sawu. Ta san me ake nufi da ruwa da wuta a wuri ɗaya. Ta jawo wani busasshen turmi daga kan buhuna, ta kife shi, ta hau, ta naɗe hannunta da busasshen buhu. Na waje suna jin ta tana karanta kalmar shahada. Ta fizge fis ɗin. Injin ya yi gurnani ya tsaya.

Mata suka fara hamdala, har wata ta soma guɗa. Lami ce kaɗai ba ta taya su murna ba, domin ta ga hayaƙi yana fita ta gefen ƙofar injin. Ta ce musu lokacin da yake juyi ƙyallen yana motsi, yanzu kuwa ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, ga ƙurar auduga da ta taru a ciki ta fara ci. Wata ta ɗauko tabarya za ta fasa, wata ta ɗauko bokitin ruwan wanke-wanke. Lami ta tare su duka biyun: tabarya za ta lotsa ƙofar ta ƙara cijewa, ƙazamin ruwa kuma ba za a zuba shi kan abin da ya sha zamzam ba. Ta tsallaka gida ta ɗauko ɗan sukudireban da take kwance kekenta na ɗinki. Maimakon ta yi faɗa da makullin ƙofar injin, sai ta bi ta bayan ƙofar, ta kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da ita. Ta ƙarshen ta yi tsatsa, ga zafi, sai da fatar yatsunta ta saɓule kafin ta juya. Ƙofar ta faɗo. Ta zura hannu cikin hayaƙin ta jawo alawayyon ta rungume. Gefe ɗaya ne ya babbake, bai wuce tafin hannu ba.

Da hannun ya yi sauƙi, Lami ce dai ta buɗe bayan maɓallin, ta tarar ƙurar auduga da mataccen kyankyaso sun cushe haƙoran da ke juya shi. Ta share, ta ɗiga man keke, ta tsaya a kan Hashimu sai da ya sayo filogi da sabon mariƙi. Har yau injin yana tsayawa kafin Kubura ta cika dubu biyu.

Ranar Juma'a Hajiya Tabawa ta kira su ukun. Ta shimfiɗa alawayyon a kan tabarma, ta yanke wurin ƙunar, ta auna da kamu, ta sake aunawa. Har yanzu yana isar mutum biyu, babu ragowar ko taƙi ɗaya. Ta raba shi, ta ajiye nata a gefe, ta ɗora hannu a kan ɗayan.

"Wannan na maigida ne, Allah bai yi zai shiga cikinsa ba. Ni kuma ƙafata ba za ta sake taka Makka ba. Ina so in ba ɗaya daga cikinku tun ina da rai. In na yanka shi uku, ba zai suturta kowa ba."

Kubura ta ce a ba Suwaiba, ita ce ta sayar da ranta. Suwaiba ta ce a ba Lami, ita ce ta fito da shi. Lami ta ce ai da Yaya Kubura ba ta ji ba, toka za su tarar. Haka kowacce ta faɗa da bakinta. Amma Hajiya ta lura babu wadda ta tashi daga tabarmar, har Kubura da ba ta gani, yatsunta na kan gefen ƙyallen.

To, ga wadda ta ji ta fita cikin ruwa ba ido, ga wadda ta hau turmi ta kashe wutar da take tsoro, ga wadda ta ƙone yatsun da take ci da su ta fito da shi. Ku da kuka ji, wace ce a cikinsu Hajiya za ta miƙa wa likkafanin nan?