Mutumin da Ya Riga Bizarsa Tafiya

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku.

An yi wani mutum, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Kowa ya shaida hannunsa yana da kyau. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai sayar da fenti, amma ba ka raba ƙofarsa da firjin da ke jiran gyara. Yana da mata da 'ya'ya biyu: namiji, sai ƙanwarsa, auta, wadda aka haifa da ciwon asma. Bai tara ba, amma gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sai ya nemi bizar zama a wata ƙasa, shi da iyalinsa, irin wadda ake ba masu sana'ar hannu. Babu laifi a wannan. Ƙasa ta Allah ce, neman halal kuma ibada ne. Ya kai duk abin da aka nema, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka ce ya koma gida, za a kira shi.

Abin da ya rage masa kawai shi ne jira. A nan jarrabawarsa take.

Wata ya shuɗe, wani ya biyo. Abokai suka sa masa suna Ɗan Waje. In ya zo wucewa sai tela ya leƙo ya ce, "Ɗan Waje, har yanzu kana nan? Ko jirgin ne ya yi faci?" Ana dariya, shi yana yaƙe, zuciyarsa tana tafasa. Rannan shago cike da mutane aka sake tsokanarsa, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "Ai biza ta fito."

Ba ta fito ba.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Matarsa ma a bakin maƙwabta ta ji. Da ta tambaye shi, ya ce, "Kamar ta fito ne, sa hannu ya rage." Yayansa, direban babbar mota, ya zo ya zauna a bakin shago ya ce, "Nuna mini ita." Ya kama kame-kame. Yayan ya dube shi ya ce, "Ƙanena, kada ka ga hadari ka zubar da ruwan randa. Ka ce wa mutane wasa kake yi. Dariyar kwana biyu ce." Kun san amsar da ya ba wanda ya goya shi yana yaro? Cewa ya yi, "Yaya, ko dai baƙin ciki kake yi?" Yayan ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Ya 'yan uwa, ƙarya dabba ce mai ci. In ka haife ta, sai ka ciyar da ita.

Ya ciyar da ita da shagonsa, ya sayar har da kwalaben gas da akwatin sifana. Ya cire yara daga makaranta. Ya mayar wa mai gidan da suke haya makullinsa. Sannan ya nemi bizar ziyara, ta 'yan makonni, ya ce za su je gaida ɗan uwa su dawo. Dabararsa ita ce ya shiga ya laɓe, in bizar zama ta fito, ta same shi a can. A filin jirgin can ƙasar jami'i ya tambaye shi ko za su koma a kan lokaci. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah.

Suka shiga. Ɗakin da suka samu a ƙarƙashin bene yake, bango yana tsattsafar da danshi, taga ɗaya ƙarama daidai da ƙafafun masu wucewa a titi. Ya samu aiki a ɓoye, yana kula da ɗakin sanyin wani mahauci, ta ƙofar baya yake shiga. Wa'adin ziyara ya cika, biza shiru.

Daga nan tsoro ya tare a gidan. Ya hana yara makaranta. Ya hana su hayaniya. In baƙin takalma suka tsaya a gaban tagar nan, sai kowa ya ɗauke numfashi har su wuce. In aka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, sai ya zabura. Amma duk da haka yakan ari kwat, ya jingina da motar mutane, ya ɗauki hoto ya aika wa su tela. Wa yake yaudara?

Danshin ɗakin ya tayar wa auta da ciwonta. Maganin shaƙa da suka zo da shi ya ƙare. Wata safiya yarinya ta tashi ƙirjinta yana kuka kamar usur. Uwar ta ce, "Baban yara, mu kai ta asibiti."

Ya ce, "In suka tambayi takardu fa? Ki dafa ruwa ta shaƙi tururi."

Aka dafa ruwa. Hantsi ya yi, yarinya ba ta iya kwanciya, sai zaune, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka. Uwar ta sake magana. Ya ce a bari ya nemi wani da ya san mai kantin magani. Ya buga waya, ba a ɗauka ba. Ya sake bugawa. Yana kai da komo tsakanin ƙofa da taga, asibiti kuwa ga shi can ƙarshen layi, ana hango allonsa.

Azahar ta yi. Yarinya ta daina kiran uwarta, don ba ta da iskar yin magana. Leɓunanta suka canza launi.

Uwar ta saɓa ta a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki dakata, in kika fita kin kashe mu." Matar nan da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ta ce, "Matsa. In ka ga dama ka sake ni." Ta ture hannunsa ta hau matakala da gudu, ko takalmi babu.

A asibiti babu wanda ya tambaye ta takarda. Karɓe yarinyar suka yi suka ruga ciki da ita. Suka yi iya ƙoƙarinsu. Da likita ta fito, ta zauna kusa da uwar, ta ce da an kawo ta da safe, allura da iska sun isa.

Rai na Allah ne, kuma kowa da ranarsa. Amma za a tambayi uban da ya tsaya a bakin ƙofa.

Mutuwa ba ta ɓoyuwa. Wajen rubuta shaidar rasuwa aka gano su. Hukuma ta bar su suka binne 'yarsu, sannan aka kira shi ofis. Wata jami'a ta duba na'urarta ta ce masa neman da ya yi tun farko ya tsallake bincike, har an aika kiransa ganawar ƙarshe a can ƙasarsa, ba a same shi ba. Yanzu kuwa an soke, saboda ya yi ƙarya a bakin iyaka, kuma an haramta masa sake shigowa.

Aka sa su a jirgi su uku. Matar ba ta dube shi ba har suka sauka, daga filin jirgi ta kama hannun ɗanta ta wuce gidan iyayenta. Shi kuwa yana nan da ransa. Kabarin 'yarsa yana ƙasar da ba zai ƙara takawa ba.

Ya 'yan uwa, ku duba yadda Shaiɗan ya juya masa lissafi. Inda ya kamata ya jira, ya yi gaggawa. Inda ya kamata ya yi gaggawa, ya ce a jira. Duk don me? Don gudun dariyar tela. Ya ji kunyar mutane, bai ji kunyar Wanda ya rantse da sunanSa ba.

Na san a cikinmu akwai masu jiran kira irin wannan. Ka riƙe sana'arka. Ka bar 'ya'yanka a makaranta. In an tambaye ka, ka ce ba ta fito ba, wannan ba abin kunya ba ne. Rabonka ba zai wuce ka ba, amma kai kana iya tsere masa.

Allah ya ba mu haƙurin jira da ƙarfin faɗin gaskiya. Allah ya ji ƙan yarinyar nan, ya sanyaya zuciyar uwarta, ya karɓi tuban ubanta. Mu da zuriyarmu, Allah ya kiyaye mu.