Yaren Malam Baƙo

Akwai wani manomi a Bande, Malam Baƙo, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama bayan girbin gero. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma sunayen abubuwa suka gudu daga bakinsa. Likitan Magariya ya gargaɗi matarsa Laraba: in ya daina magana, bakin zai rufe gaba ɗaya.

To, Malam ba ya cikin masu zama shiru. In suna ya ɓace masa, sai ya ƙera nasa. Fura ta koma "farar-safiya", moto, wato babur, "ƙugi-gudu", salula kuwa "kira-nesa".

Ƙanensa Abdulhadi, sarkin gyara, bai iya barin ta wuce.

"Yaya, fura ake cewa. Ce fu-ra."

Aka yi dariya. Malam ya sunkuyar da kai. Daga ranar ya koma nuni da yatsa, ko majalisar ƙofar gida ya daina fita. Hankalin Laraba ya tashi ƙwarai.

Ta tara mutanen gidan a tsakar gida.

"Daga yau abin da Malam ya kira abu, shi ne sunansa. Abdulhadi, har da kai."

"Mu ma mu lalata bakinmu ke nan?"

"Naka ba ya ciwo. Ara masa."

Da safe ta ɗaga murya: "Malam, a kawo farar-safiya?" Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kawo."

Baiwar Allah, haka ta yi ta fama. In ya tsaya laluben kalma ba ta ƙarasa masa, ko da tuwo na ƙonewa. Ta bi maƙwabta gida-gida tana koya musu. Kafin damina, 'yan kabu-kabun unguwar da kansu suna cewa, "Hau ƙugi-gudu mu tafi!"

Ranar da ya koma majalisa, liman ya tsokane shi: "Kowa ka raɗa masa suna. Ita Laraba fa?"

Malam ya shiga lalube. Ashe sunanta ma ya ɓace masa tun farkon ciwon, ta sani, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tana zaure da kwanon ruwa a hannu ta ji ya ce:

"Mai-jirana."

Nan ta zauna tana kuka, Abdulhadi ma da ke majalisar ya kasa ɗaga kai.

Darasi: In harshen ɗan'uwanka ya yi rauni, kar ka tsaya gyara masa, yi haƙuri ka koyi nasa, ka jira shi ya ƙarasa. Ku tura wa duk mai jinya a gida, ko ya samu ƙarfin gwiwa.