Tiren da Guillermina Ta Ƙi Ɗauka

Akwai wata 'yar wasan ƙwallon gora, wato hoki, a garinmu Tucumán, sunanta Guillermina Barrionuevo, amma kowa Guille yake ce mata. Tun gorar ta fi ta tsawo ta fara buga wa kulob ɗin unguwarsu. Ba ta cika ashirin ba wani babban kulob na Buenos Aires ya ɗauke ta, daga can aka kira ta ƙungiyar ƙasa, daga baya ta yi shekaru tana bugawa a Holland.

Maganar gaskiya, ta iya wasa. Matsalar ita ce ta san ta iya, kuma ba ta bari kowa ya manta.

Ana nan sai gwiwa ta ba ta matsala. Aka yi mata aiki, ta dawo tsohon kulob ɗinta don ta murmure. Shekarunta sun haura talatin, gasar kofin duniya ta ƙarato, kuma ta san idan wannan ta wuce ta, shi ke nan. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar ƙasa, mutum biyu ke nemansa: ita da wata matashiya 'yar Salta, Itatí Colque.

Wata Asabar kulob ɗin su Itatí ya zo musu baƙunta. Kocin ƙasa, Anselmo Ferreyra, ya taso takanas ya zauna cikin 'yan kallo.

Guille ta yi wasa kamar ba a taɓa taɓa mata gwiwa ba. Ta ci ƙwallo biyu, baƙi suka tashi babu ko ɗaya. Ita kuwa Itatí, ban da leɓe da ya kumbura, ba abin da ta samu.

To a wajenmu wasa ba ya ƙarewa da busa usur. Akwai abin da muke kira lokaci na uku: masu gida su jera tebur, su ciyar da baƙi, 'yan wasa da hannunsu suke rabawa. Ko wadda ta kwaɗe ki a ƙwauri ce, ke za ki miƙa mata faranti.

Guille ta saɓa jaka ta nufi ƙofa. Brisa, kyaftin ɗinsu kuma ƙawarta tun ƙuruciya, ta tare ta da tiren empanada mai zafi, wato soyayyar fulawa mai nama a ciki.

"Ina zuwa da jaka? Yau ke ce da tire."

"Ni? Haba Brisa, ƙwallo biyu fa na ci. Wata ta ɗauka mana."

"Au, haka ake yi a Holland? Nan uwar kowa ta yi suya, har taki. Ajiye jakar nan, malama."

"Gwiwata na son ƙanƙara."

"Firji cike yake da ita, ranki ya daɗe. Ko ita ma sai ta Turai?"

"Koci ya riga ya ga abin da ya zo gani," in ji Guille, ta raɓa ta wuce.

A bakin ƙofa ta ci karo da Itatí, tana zagayawa da ƙoƙon shayin mate, wanda kowa ke sha a ƙoƙo ɗaya, kamar ita ce mai masaukin. Ta cika shi ta miƙa mata.

"Yaya Guille, karɓi. Yau kin wahalar da mu, sai kin sha."

"Na daina shan abin da ya zagaya bakin mutane."

Itatí ta miƙa wa ta kusa da ita. Koci yana can ƙarshen tebur da empanada a hannu, ya ɗago kai ya duba, ya ci gaba da cin abinsa. Guille ta shiga mota hankalinta kwance, har tana tunanin akwatin da za ta ɗauka zuwa gasar.

Bayan 'yan kwanaki wayarta ta yi ƙara.

"Guille, da Itatí zan tafi," in ji Koci.

"Koci, ka kalli wasan kuwa?"

"Na kalla. Amma wasanki na san shi tun kina yarinya, ba shi ya kawo ni ba. Wata guda za mu yi a masauki ɗaya. Akwai ranar da za a ci mu, akwai ranar da za ki kwana a benci. Ita an doke su a wasa, an fasa mata baki, ta zauna ta sha shayi da waɗanda suka doke su. Ke da kika ci wasan ma kin kasa zama."

"Yanzu saboda tire ɗaya, Koci?"

"Da kin ɗauke shi, 'yata, da yanzu wata maganar muke yi."

Ta yi kuka ranar, kukan da ko aikin gwiwa bai sa ta ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Ta kalli gasar ne a talabijin ɗin kulob, a tsakiyar yaran unguwa, suna ta ihun sunan Itatí. Guille ba ta sake saka rigar ƙasa ba.

Darasi: Gwaninta tana kai mutum bakin ƙofa, amma hali ne ke shigar da shi. Duk inda ka kai, kada ka fi ƙarfin zama da mutane da yi musu hidima, domin sau da yawa ana auna ka ne a lokacin da kake zaton an gama kallonka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani yana gab da ƙin ɗaukar nasa tiren.