Gidan da Za a Sauke Inna Gaje

Ku gyara zama, masu latse-latsen waya kuma ku sa ta aljihu. Labarin nan ba tatsuniya ba ce, na mutane ne irinmu, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yi shari'ar, ni nawa ido.

A garinmu an yi wata mata, Inna Gaje, wadda ba a biki ko suna sai an aika mata saboda guɗarta. In ta kama hanci ta rangaɗa, har na bayan kasuwa sun san an yi abin arziki. Wata rana da damina tana dawowa daga suna, a-daidaita-sahun da ta hau ya kife. Ƙashin wuyanta ya karye, laka ta taɓu. Daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi, ko numfashi ba ta iya ja da kanta. Likitoci suka huda mata maƙogwaro suka haɗa ta da injin numfashi. Matar da ta cika gari da murya ta koma sai ido. Na je dubiya, wallahi da hawaye na fito.

Bayan wata biyu likita ya tara 'ya'yanta uku: Lawandi ɗan fari, tela ne, Kubura mai sayar da hatsi, sai auta Mudi, maƙeri. Ya ce aikinsu na ceton rai ya ƙare, saura a kai ta cibiyar da ke farfaɗo da masu ciwon laka, kuma uku ne kacal ke karɓar mai numfashi da inji. Bai ɓoye musu ba. In sun dace da wuri, tana iya sake magana har ta koma gida da injinta. In sun yi kuskure, gyambon kwanciya ko ciwon huhu zai ƙarasa abin da haɗari ya fara. Ya ba su kwana goma.

Kubura ta rufe rumfarta ta shiga mota. Ita dai shekara ashirin tana awo, ta san ba a sayen buhu da ganin bakinsa, sai an soka hannu can ƙasa. Cibiya ta farko a cikin birni take, kusa da mu, ƙasa sumul, ga sanyi, ga talabijin. Aka ba ta kujera da lemo. Ta sha lemonsu sarai, sannan ta zagaya baya wurin mata masu wanki, ta zauna tana taya su shanya. A can ta ga zannuwan gado da tabon mugunya, ta kuma ji cewa wanda ya shiga nan ba ya fita sai a makara. Ta biyu inji ɗaya gare su, in ya tsaya sai addu'a. Ta uku tafiyar awa bakwai ce, tsohon gini ne mai fenti a ɗaye, amma ta zauna yini guda tana duba agogo, ta ga duk awa biyu sai an juya kowane majinyaci. Ta ga ana koya wa dangi zuƙe majina da gyaran robar maƙogwaro. Duk da haka ba ta yarda ba. Sai da ta nemi kwatancen wani da suka sallama, ta bi shi har ƙauyensu a kan babur cikin taɓo, ta same shi a ƙofar gida bisa keken guragu, injinsa a gefe, yana yi wa jikokinsa faɗa. Ta dawo ƙafa a kumbure ta ce ta uku za a je.

Dangi suka ce atafau. Ina za a kai tsohuwa inda ba mai zuwa dubiya? Zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa ba ta tafiyar awa bakwai kullum. Aka ce to a tambayi mai ciwon, Mudi ya tambaye ta tunda shi ne ɗan lelenta: ƙifta ido sau ɗaya cibiyar kusa, sau biyu ta nesa. Ta ƙifta sau ɗaya. Kowa ya ce magana ta ƙare, Kubura ta koma gefe tana kuka.

Lawandi yana bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Kun san kunyar ɗan fari. Shekara arba'in da shida Inna Gaje ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, wurin kakarsa ma ya tashi. In tana son ya yi abu sai ta faɗa wa bango, shi kuma ya amsa wa tabarma. Mutane suna ganin shi ne ya fi kowa nisa da ita. Sun manta cewa yaron da uwarsa ba ta yi masa magana, fuskarta yake koyon karantawa. Ya ga lokacin da ta ƙifta idon ta kuma kawar da shi ƙasa ta hagu, yadda take yi in an kawo mata atamfar da ba ta so ta ce ta gode. Ya roƙi kowa ya fita. Ya zauna daidai kanta, ya fuskanci taga, ya ce:

"A faɗa wa mai ɗakin nan, in don kada ta wahalar da mu ta zaɓi kusa, to wahalarmu ita ce mu zauna muna kallonta ba murya. In tana son komawa gidanta, ta ƙifta biyu. Ba mai kallonta."

Ƙarya yake yi, yana kallonta ta gilashin tagar. Hawaye suka gangara mata cikin kunne, sannan ta ƙifta sau biyu. Ya kira likita da dangi ta maimaita a gabansu. Wata gwaggo ta fara ƙorafi, Lawandi wanda bai taɓa ɗaga wa babba murya ba ya ce mai rai ta yi magana, shi kuma ya ji. Aka tsayar da ta nesa.

Ranar tafiya motar asibitin mutum ɗaya za ta ɗauka bayan nas, Mudi ya shige. Sun ci rabin hanya suka tarar ruwa ya cinye gada, motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare, sai zagaye ta daji. Tafiyar awa bakwai ta koma sha ɗaya. Batirin injin ya ƙare, na ajiya ma ya bi shi. Nas ta ciro wata jakar roba ta haɗa da maƙogwaron Inna, ta ce yanzu sai hannu, matsa ɗaya numfashi ɗaya, in an tsaya minti kaɗan shi ke nan. Ta matsa har hannunta ya gaji, ga majina tana taruwa sai an zuƙe. Mudi ya ce ta nuna masa. Yaron da ya tashi a gindin zuga-zugi ya san iska ba ta son gaggawa, ba ta kuma son sanyin jiki. Ya durƙusa, mota tana tsalle cikin ramuka, yana matsawa daidai da numfashinsa, idonsa a kan ƙirjin uwarsa. Yatsunsa suka sandare, ya koma da gindin tafin hannu. Yana yi yana tsokanarta, wai ta ba shi nono shekara biyu, shi iskar awa uku kawai zai rama, ita ce da riba. Da suka isa sai da aka ɓanɓare hannunsa daga jakar, kwana huɗu bai iya kai loma baki da kansa ba.

Wata tara Inna Gaje ta yi a can. Ba ta tashi ta yi tafiya ba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yau injin na tare da ita. Amma bayanta ko ƙurji babu, 'ya'yan duka sun koyi jinya, an kuma sa mata wani ɗan marfi a maƙogwaro da ke fitar da murya. Ranar da aka gwada, su ukun suna tsaye. Muryar ta fito a dishe, kalma biyu-biyu. Ta kira Kubura, ta kira Mudi, sannan ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan ya rame, ya riƙa cin abinci. Lawandi ya yi dariya har ya zauna ƙasa yana share ido da hularsa.

Da sallama ta zo sai sabuwar rigima ta tashi, irin rigimar da nake roƙon Allah ya ba ni a gidana. Ɗakinta na ƙasa ne, ruwa ya ci shi, ba zai ɗauki inji ba. Gadon da injin da faifan hasken rana a gida ɗaya za a kafa su, kuma kowanne cikin ukun ya share ɗaki ya ce nasa ne. Wannan karon ba su yi kuskuren farko ba, ita suka tambaya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, har da wancan, ta gefen ido, ta ce:

"Ku kai ni gidan wanda, ba don shi ba, da ban dawo ba."

Ta rufe ido ta bar su da maganar. Ba don Kubura ba, da ba a san wurin ba. Ba don Lawandi ba, da an kai ta inda ba a fita. Ba don Mudi ba, da ba ta isa da rai ba. Ga mota a ƙofar cibiya, direba yana jiran a faɗa masa unguwa. To jama'a, a gidan wa ya kamata a sauke Inna Gaje?