Kariya a Ƙasar Sanyi

Akwai wani mutum, haifaffen ƙasar zafi, wanda aiki ya kai shi bisa tsaunukan Mambila, inda sanyi yake ratsa mutum har ƙashi. Da mahaifiyarsa ta rasu, ya je gida jana'iza, ya saro reshe biyu daga kariyar da ta dasa a ƙofar ɗakinta. Kariya ƙaramin itace ne mai kaurin gindi da jan fure, mai son rana da yashi. Abin da ya rage masa na mahaifiyarsa ke nan.

Ya dasa ɗaya a tsakiyar lambunsa, cikin baƙar ƙasa, kusa da kabeji. Ɗayan kuwa ya soka shi a wata fasasshiyar tukunya mai yashi, ya jingine jikin bangon madafi. Dukansu suka kama.

Da sanyi ya tsananta, sai suka zubar da ganye. Hankalin mutumin ya tashi, ya ce a ransa, “Ƙishirwa ce.” Ya riƙa shayar da kariyar lambun safe da yamma kamar yadda yake yi wa kabeji, ya ƙara mata taki, kullum yana tona gindinta ya ga ko tana da rai. Ta tukunya kuwa ya manta da ita.

Wata safiya ya taɓa gindin ta lambun, sai yatsansa ya nutse. Ta ruɓe. Garin neman gira an rasa ido. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kamar ranar ce aka binne mahaifiyarsa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda ta taɓa zama a ƙasar zafi, ta leƙo ta shinge ta ce, “Ɗana, ba sanyi ya kashe ta ba, ruwanka ne. Kariya in ta ji sanyi barci take yi, ba ta sha.”

Nan ya tuna da ta tukunya. Ya tashi da sauri ya ɗauki bokiti.

Tsohuwar ta ce, “Ajiye bokitin nan. Bangon yana shan rana, yana shan zafin murhu. Ya ishe ta.”

Ya ajiye, ba don ransa ya so ba. Bayan wata biyu, fure ya fito a kan reshen, tun ba ganye ko ɗaya.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kariya ita ce mutumin da ya shigo cikinmu daga wata ƙasa, ko daga baƙin ciki, ya zauna a bencin baya a majami'a, ba ya waƙa, ba ya magana. Da mun ga shirunsa sai mu ce bangaskiyarsa tana mutuwa. Mu bi shi da tambayoyi da gargaɗi, yau wannan ya je, gobe wancan, har ya daina zuwa sujada. Ni ma na taɓa yin haka, abin yana damuna har yau. Gargaɗi kamar ruwa ne, yana da lokacinsa. Ubangiji ya san mai barci, ya san matacce. Ran Lahadi mai zuwa, in ka ga irin wannan mutum, ka ajiye bokitinka, ka je ka zauna kusa da shi.