Ramukan Rinin da Sarki Ya Jinginar

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki da ya ƙwallafa rai a kan karofin wani ƙauye da ke bakin iyakarsa, inda ake rina turkuɗin da fatake ke rububi. Mai ƙasar da ƙauyen ke ciki ya yarda ya sayar, amma abin da ke baitulmali bai kai ba. Sai Waziri Jatau ya kawo wani attajiri, Barmo, mutum mai taushin murya, wanda ba ya zama sai ya kakkaɓe shimfiɗa.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce zai biya duka, a ba shi ramukan rinin jingina. Ribarsa turkuɗi ce duk shekara, kuma ko ita ba dole a miƙa masa ba. "Allah ya ja zamaninka, kada a takura kowa. Abin da ba a bayar ba a ɗora shi kan uwar bashin, shi ma ya riƙa haihuwa." Malaman fada suka kalli juna. Waziri ya ce ai wannan ba kuɗin ruwa ba ne, tufa ce kawai. Suka sunkuyar da kai.

Shekaru suka yi ta wucewa, Barmo bai taɓa aiko ko da gaisuwar tuni ba. Turkuɗin da ya kamata a kai masa, sarki ya yi ta ɗinka riguna da shi yana raba wa fadawa. Marina kuwa ba wanda ya gaya musu komai.

Da wa'adi ya cika, Barmo ya dawo da muryar nan tasa. Bashi ya haihu, 'ya'yansa ma sun haihu, har ya fi ƙarfin ƙauyen gaba ɗaya. Waziri ya ba da shawarar a miƙa karofin, a haɗa da marina da 'ya'yansu, su yi ta aiki ba lada har bashi ya fita. Aka kira Sarkin Marina, Cindo, tsoho mai hannuwa shuɗɗa har gwiwa, aka sanar da shi.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane bakin na ci bashin nan? Ko goro ban gani ba."

Waziri ya daka masa tsawa, ya tuna masa inda yake.

"Na san inda nake, Waziri. Rigar da ke jikinka ma na san ta. Rami kuka jinginar, to ga ramuka can. Hannuwanmu ba a sa su a ciniki ba."

Aka kulle shi. A ranar marina suka jingine sandunansu a bango suka zauna. Shi kuwa ramin rini kamar jariri yake, kullum sai an motsa shi, an duba kumfarsa, an san lokacin ƙara masa toka. Barmo ya sa barorinsa su motsa, suka labta toka kamar masu cike rami. Kumfa ta kwanta, wari ya tashi, fatake suka fara juya jakunansu.

Sarki ya je da kansa, ya tsaya yana toshe hanci. A nan taushin muryar Barmo ya ƙare, ya ce a bugi marina su tashi. Sarki ya sa aka fito da Cindo, ya tambaye shi ko za a iya ceton ramukan.

"Kafin kasuwa mai zuwa ana iyawa. Amma bawa ba zai taɓa su ba, ranka ya daɗe. Ko yanka mu za a yi."

Sarki ya juya ga malamai ya ce su faɗi abin da suka haɗiye tun farko. Babbansu ya ce ƙarin nan kuɗin ruwa ne, ko da tufa aka lulluɓe shi. Sarki ya yanke cewa uwar bashi kaɗai za a biya, kuma wanda ya ci shi zai biya. Ya fara da alkyabbarsa, ya miƙa wa Barmo, sannan ya ce a tuɓe rigar Waziri. Barmo ya kalli ramukan da ke mutuwa, ya karɓa, bai ko kakkaɓe ba.

Cindo ya durƙusa a bakin rami, ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana. Ya ce da sauran rai. Marina suka ɗauki sandunansu, kowa ya nufi nasa.