Mahaukacin Wasan Malam Jamiluddeen

Akwai wani malamin firamare a Kafanchan mai suna Jamiluddeen, wanda a wajajen 1991 shi ne shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwarsu. 'Yan ƙungiya na kiransa Darakta. In ka kuskura ka ce masa Malam kawai a wurin gwaji, sai ya yi kamar bai ji ka ba.

Gaskiya ya iya tsara wasa, wannan ba za a ƙwace masa ba. Sai dai yana da wata aƙida: wasan da babu mahaukaci a ciki, miya ce babu gishiri. Ba shi kaɗai ba ne kuwa. A lokacin, wasan makaranta ne, na coci ne, na Islamiyya ne, sai an sako wani da tsumma, an bulbule shi da toka, yana bin mutane da gudu ana sheƙa dariya. Ba mai tsayawa ya tambayi kansa ko wa ake yi wa dariyar.

A cikin ƙungiyar akwai wata yarinya, Asibi, 'yar wani mai sayen citta a kasuwa. Yayanta Nuru shi ne makaɗin ƙungiyar a da. In ya rungumi ganga, har masu jiran jirgin ƙasa a tasha sai sun waiwayo.

Rikicin da aka yi a garin a 1987 shi ya taɓa Nuru. Abin da idonsa ya gani a ranakun nan bai taɓa gaya wa kowa ba. Barci ya ƙaurace masa, ya daina magana, daga baya ya shiga bin layin dogo ya toshe kunnuwansa da hannu biyu yana cewa, “Ku kashe wutar, ku kashe wutar.” Yaran gari suka raɗa masa suna Kashe-Wuta, suna bin sa da jifa.

Dangi suka ce aljanu ne. Aka kai shi gidan wani mai magani, aka sa masa mari a ƙafa, aka yi ta turare da bulala. Sai da maƙwabciyarsu Sista Roseline, ma'aikaciyar jinya, ta je ta ga ƙafar tana ruwa, ta dawo ta tsaya wa mahaifinsa a ƙofar gida.

“Baba, wannan yaro ba ya bukatan sarƙa,” in ji ta. “Ciwo ne kaman maleriya, kawai dai kai ne ya kama. Asibiti yana nan a Kaduna. In ba ku kai shi ba, ni zan kai shi, ku yi fushi da ni.”

Aka kai shi. Da magani da zuwa ganin likita, hankalin Nuru ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne ƙarfin fita cikin mutane. Ya fi shekara iyakarsa zaure. Likita kuwa ya ja wa Asibi kunne cewa in ya ci gaba da ɓuya, ciwon na iya komowa, don haka su lallaɓa shi ya koma cikin jama'a a hankali.

Da ƙyar da siɗin goshi Asibi ta shawo kansa ya yarda zai zo kallon wasan da ƙungiyar za ta yi ranar bikin 'yancin kai a filin makarantar da Darakta ke koyarwa. Wannan ce fitarsa ta farko.

To, a wurin gwaji sai ta ga abin da ba ta taɓa zato ba. Darakta ya huda buhun citta ya zura wa mai fitowa a mahaukaci, yana koya masa yadda zai toshe kunne da hannu biyu ya yi ihu, “Ku kashe wutar!”

Asibi ta ce, “Darakta, wannan ai Yaya Nuru ne.”

Ya ce, “Na ambaci suna? Wasa madubi ne, yarinya. Abin da jama'a suka sani shi ke ba su dariya.”

“Zai zo kallo fa. Wallahi in ya ga wannan, ba zai sake leƙa ko ƙofar gida ba. Don Allah a cire.”

Ya dube ta sheƙeƙe, ya ce, “To na ji, za a cire.” Aka daina gwada wurin a gabanta, ta koma gida da murna.

Mai fitowa a mahaukacin kuwa ba kowa ba ne illa Salihu, ɗan Darakta na cikinsa, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. Tun da ya faɗi jarrabawar fita sakandare yaron ya canza. Ya bar ƙwallo, ya bar abokai, abinci sai an matsa masa, in aka yi hayaniya kusa da shi sai ya firgita. Mahaifiyarsa ta yi magana har ta gaji, uban ya ce shagwaɓa ce da lalaci.

Ku ji abin da uba ya gaya wa ɗansa a gaban 'yan ƙungiya: “Tunda a gida ma kamar mahaukacin ka koma, zo ka yi a fili ka amfane mu.” Aka kwashe da dariya. Salihu ya sunkuyar da kai ya karɓi buhun. Ni dai duk sanda na zo nan a labarin, raina ɓaci yake yi.

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika maƙil. An haɗa teburan aji an yi dandamali. Darakta na layin gaba kusa da manyan baƙi, ya sha babbar riga. Nuru na can baya a gefen Sista Roseline, sanye da farar riga, yana ta murza hularsa a hannu.

Asibi ta fito a matsayin mai sayar da tuwo, tsintsiya a hannunta tana share gaban rumfa. Sai kawai ta ji fili ya ɗauki sowa. Tana juyawa ta ga Salihu cikin buhun citta, fuska duk toka, hannu a kunne.

“Ku kashe wutar! Ku kashe wutar!”

Ashe Darakta bai cire komai ba, a ɓoye ya riƙa gwada yaron a gida. Daga gefe wani ɗan ƙungiya ya raɗa mata, “Darakta ya ce ki kore shi da tsintsiya.”

Jama'a suka gane nan take. Yara suka ɗauki waƙa, “Kashe-Wuta! Kashe-Wuta!” Manya da furfurarsu, masu hula da masu ɗankwali, waɗanda suka fito daga masallaci da waɗanda suka fito daga coci, kowa na riƙe ciki. Wasu har juyawa suke suna nuna Nuru da baki. Aka fara wurgo ɓawon lemo kan dandamali.

Asibi ta sandare da tsintsiya a hannu, idonta na kan yayanta.

Ana cikin haka Salihu ya daina faɗin abin da aka koya masa. Ya durƙusa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, jikinsa na karkarwa. Muryarsa ta fito siririya.

“Baba, ka ce su yi shiru. Don Allah, Baba, ka ce su yi shiru.”

Dariya ta ƙaru. Darakta ya karkata wajen baƙon da ke kusa da shi yana washe baki, ya ce, “Ka ji? Wannan ba ni na koya masa ba, shi ya ƙara da kansa. Jinina ne ai.”

Sai Nuru ya miƙe.

Asibi ta hango shi. Ta ce a ranta shi ke nan, ya tafi gida, wahalar shekaru ta tashi a banza. Sista Roseline ta kamo hannunsa, ya zame a hankali. Amma ba hanyar fita ya nufa ba. Ya ratso tsakiyar mutane ya nufo dandamali.

Wani matashi ya ɗaga murya, “Kai, ga orijinal ya iso!” Aka sake fashewa.

Nuru bai kalli kowa ba. Ya hau, ya tuɓe farar rigarsa ya lulluɓa wa Salihu a ka, ya tsuguna a gabansa ya kare shi daga idon jama'a.

“Salihu, ni ne Nuru. Bar hannunka a kunnen, kar ka cire. Ja numfashi tare da ni. Yawwa. Sake.”

Yaron ya ƙanƙame shi ya ɓarke da wani irin kuka wanda ba a koyar da shi a wurin gwaji. Dariyar ta fara mutuwa daga layin gaba zuwa baya.

Nuru ya ɗago, daga shi sai singileti, ya dubi Darakta.

“Malam, ɗanka ba wasa yake yi ba. Na san wannan karkarwar, na kwana da ita na tashi da ita. Yaushe rabonsa da barci?”

Daga cikin mata mahaifiyar Salihu ta amsa tana kuka, “Ya fi wata biyu, ɗan nan. Na faɗa, an ce shagwaɓa ce.”

Nan Asibi ta yi jifa da tsintsiyar, ta matso bakin dandamali. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta.

“Kun ƙoshi da dariyar? Shekara huɗu kuna yi wa yayana. Wa ya taɓa zuwa ya ce mana sannu, ban da Sista? Yanzu ga wani yana faɗuwa a gabanku kuna tafi. A cikinku wa ya tabbata babu irinsa a ɗakinsa?”

Masu nuna Nuru da baki ɗazu suka shiga kallon takalmansu. Sista Roseline ta hau, ita da Nuru suka sauko da yaron ta bayan aji. Wasa ya watse ba tare da an rufe da addu'a ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a zauren su Nuru. Darakta ne, ba babbar riga, ido ya yi ja.

“Nuru, ban san da wane baki zan roƙe ka ba. Asibitin nan na Kaduna... ta ina ake farawa?”

Asibi na bayan ƙofa tana ji, kuma ta so ƙwarai yayanta ya rama ko da kalma ɗaya ce. Ni ma da ina wurin, da abin da zan so ke nan. Amma Nuru takalmansa kawai ya jawo.

“Ba a kwatance, Malam. Mu je in raka ku. In ya ga wanda ya shiga ya fito, ba zai ji tsoro ba.”

Mutumin da ya fi shekara bai wuce zaure ba, shi ya ratsa tashar mota a cike, ya zauna kusa da Salihu. Har suka wuce Mararaban Rido, dab da shiga Kaduna, hannun yaron na cikin nasa.

Salihu ya samu sauƙi, amma ba a kwana ɗaya ba. Likita bai ɓoye wa uban ba cewa da an kawo shi da wuri, da abin bai kai haka ba. Yaron ya yi asarar shekara guda ta karatu, bai kuma sake taka dandamali ba. Ko biki ake yi, in aka fara sowa sai ya tashi ya fita. Wannan tabon Darakta ya ga abinsa kullum a cikin gidansa.

Da ƙungiyar ta sake haɗuwa, Asibi ce ta kawo sabon wasa. A cikinsa mara lafiyar yana da suna, yana da uwa, yana da abokai, ana ganin yadda ciwon ke farawa da yadda ake kai mutum asibiti ya warke. Babu toka, babu buhu. Nuru ya koma kan gangarsa.

Matsala ɗaya aka samu: ba wanda ya yarda ya fito a matsayin uban da ke yi wa ɗansa ba'a. Darakta ya ɗaga hannu ya ce, “Ku ba ni. Ba sai na yi gwaji ba.”

Suka kai wasan makarantu da kasuwanni, har Gwantu da Kagarko. Duk inda aka tashi, sai ka ga matasa sun zagayo bayan dandamali ɗaya bayan ɗaya suna neman mai ganga, su yi ƙasa da murya: “Yaya Nuru, ni ma ba na iya barci,” ko “Ƙanwata ta daina magana, ya za mu yi?” Shi kuma ya zaunar da su ya saurara, ya haɗa su da Sista.

A Gwantu, ana tsakiyar wasa, daidai inda uban ke ce wa ɗansa malalaci, wata tsohuwa ta kasa daurewa. Ta miƙe ta nuna Darakta da sanda ta ce, “Kai mugun uba ne! Allah ya isa wa yaron nan!”

'Yan ƙungiya suka taso za su gaya mata ai wasa ne. Darakta ya ɗaga musu hannu, hawaye na bin gemunsa.

“Ku ƙyale ta,” ya ce. “Ba wasa ba ne.”

Darasi: Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma ba ya tambayar ɗan wa kake kafin ya shigo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In ɗanka ko abokinka ya daina barci, ya daina ci, ya janye daga mutane, kar ka ce shagwaɓa ce. Zauna ka saurare shi, ka kai shi asibiti tun da wuri. Ku kuma masu wasa, masu waƙa da masu zane, baiwar da Allah ya ba ku tana iya korar mara lafiya cikin ɗaki, tana kuma iya fito da shi. Ku tura wannan labari ga iyaye da malamai da matasan da kuka sani, wataƙila akwai wani Salihu a gidan da zai isa.